Motar da Ta Ƙyafta Ido Sau Tara

A shekarar da kogin Yamai ya janye har awaki suka riƙa ƙetare shi da ƙafa, a shekarar ne Lawali ya yanke shawarar zama babban makanikin unguwar Wadata. Shekara shida ya yi a Abija, can ƙasar waje bakin teku. Ya dawo da akwatin ƙarfe guda, da baƙin tabarau, da labari cike da baki. Ba wanda ya san aikin da ya yi can. Shi dai cewa yake ko Turawa sai sun tambaye shi kafin su taɓa inji.

Shirinsa babba ne. Ya ce zamanin masu gyaran mota da guduma a gindin itace ya ƙare, motocin da ke tafe masu ƙwaƙwalwa ne, su ke faɗin ciwonsu da kansu, kuma duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai ke jin maganarsu. Ya samo guntun kwanon rufi ya sa aka rubuta masa "Lawali, Likitan Motoci Masu Ƙwaƙwalwa", ya rataye a ƙofar gidan ƙanwarsa Balki, inda yake kwana a zaure. Wata biyu allon na rataye. Abin da aka taɓa kawo masa shi ne keken wani tela, kuma tun daga ranar telan a ƙasa yake zuwa aiki.

Daura da ƙofar akwai tsohuwa Halimatu, Bazabarma, mai sayar da kopto, kwaɗon zogalen nan da mutanen Yamai ba su gajiya da shi. Da yake Lawali Bagobiri ne, akwai wasa tsakaninsu, ita kuwa ba ta yafe haƙƙinta ko rana ɗaya.

"Bagobiri, ina kwana? Marasa lafiyan naka duk sun warke ne? Na ga likitar taka shiru, ba mai shiga ba mai fita."

"Ke dai sayar da ganyenki, tsohuwa. Ranar da za a yi layin motoci a nan, sai kin roƙe ni wurin ajiye tebur."

Wata Lahadi da hantsi sai ga mota fara ƙal ta shigo lungun, tana tafiya ba ƙara ba hayaƙi. Lawali ya miƙe har tabaransa ya kusa faɗuwa. Alu ne a ciki, mijin Balki, direban wani proje, shirin gwamnati na haƙa rijiyoyi. Ya fito da mahaifiyarsa, wadda yunwa ta koro daga ƙauye, ya shigar da ita gida da ƙunshin kayanta, ya dawo ya tsaya yana kallon motar kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Yaya Lawali, na shiga uku," in ji shi a hankali. "Motar proje ce, sabuwa, daga Amirka aka aiko ta. Na lallaɓa na fitar da ita don in ɗauko Inna daga tasha, ba ni da takardar izini. Ƙarfe biyar sojan da ke gadi zai ƙirga motoci. In babu ita, ka san zamanin da muke ciki. Aikin ya tafi, ni kuma sai dai Balki ta riƙa kai mini tuwo bariki."

"To mai da ta mana. Yanzu sha ɗaya ma ba ta yi ba."

"Dubi nan."

A bayan sitiyari wata ƴar fitila ruwan ɗorawa na ci, da hoton inji a jikinta.

"A hanya ta kama. Tafiya dai lafiya lau take yi. Amma gobe darekta na shiga zai gani, ya san an fita da ita."

Lawali ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya har ɗan yatsan ƙafa. Ya gyara tabarau, ya ɗaga murya yadda duk lungun zai ji.

"Alu, ka yi wa Allah godiya da ya ba ka suruki irina. Wannan fitilar bakin motar ne. Minti goma, ka tafi."

"Yaya," in ji Balki daga bakin zaure, "ka tuna da keken tela."

"Keke ba ya da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba mu fahimci juna ba."

Gaskiya ne Lawali ya taɓa ganin yadda ake yi. Wani Bature ya gani a garaji, daga ɗan nesa, ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya cusa ƴar waya a ramuka biyu, fitila ta hau ƙyaftawa, Baturen yana ƙirgawa yana gyaɗa kai. Abin da ya biyo baya ne bai gani ba, don an kira shi a lokacin. Ya ciro waya daga kejin kajin Balki, ya lanƙwasa, ya kwanta rabi a mota rabi a waje, ya yi ta lalube har Allah ya sa ya dace da ramukan. Ya murɗa makulli.

Fitilar ta ƙyafta sau ɗaya. Ta yi shiru. Ta ƙyafta sau biyu.

"La ilaha!" in ji Halimatu, ta baro teburinta. "Da gaske ido take kashe masa!"

Ta sake yin haka, ta kuma sakewa. Lawali na ƙirgawa da yatsu. Yana kaiwa tara ya kashe makulli da sauri, ya fito yana kakkaɓe riga.

"Tara. Abu tara ne suka lalace."

"Tara?" Alu ya dafe kai. "Mota sabuwa?"

"Ita ta faɗa, ba ni ba. Buɗe kapo."

Alu ya ɗaga murfin injin ya tokare shi da sandar ƙarfensa. Lawali ya leƙa, ya ga wayoyi da tiyo-tiyo sun sarƙe kamar hanjin rago. Bai gane ko ɗaya ba, amma mutane sun fara taruwa, telan nan ma ya zo da masu tura pus-pus, wato amalanke, su biyu. Sai ya ɗauki turnabis, wato sukudireba, ya riƙa ƙwanƙwasa kowane abu yana kara kunne.

"Me kake saurare, Bagobiri?"

"Mai lafiya daban yake amsawa. Ba aikin masu ganye ba ne."

Ya kwance buji huɗu, wato fulogi, ya jefa su a tasar Balki. Huɗu ke nan. Ya ciro matatar iska, biyar. Ya zare wayoyin bujin duka ya dunƙule su, ya ce su abu ɗaya ne, shida. Wani ɗan baƙin akwati ya ƙi fita, sai ya zare sandar da ta tokare kapo don ya ɓanɓaro shi. Kapon ya sauko masa a gadon baya, tim! Ƙafafunsa kaɗai ake gani suna harbin iska.

"Motar ta cinye Bagobiri!" in ji Halimatu. "Ku bar ta, yunwa ake, kowa na neman abin sa wa ciki."

Masu pus-pus suka ɗaga kapon. Lawali ya fito da sandar a hannu, ta lanƙwashe kamar lauje.

"Ita ma ba ta da lafiya," in ji shi. "Bakwai. Akwatin takwas."

Na tara wani tiyo ne mai kauri a can ƙasa. Alu ya ce, "Yaya, wannan kamar na ruwa ne." Lawali ya ce ai shi ya sa. Ya fizge shi. Ruwan radiyata ya tsiyaye gaba ɗaya, ya jiƙa masa wando tun daga cinya, sauran ya malala ƙasa ta shanye nan take. Matan da ke kallo suka sa salati a tare. A wannan shekarar, mai ga-ruwa sai ka bi shi da roƙo kafin ya juye maka garwa biyu.

"Ruwa, Yaya!" in ji Balki. "Ruwan da zai yi mini wanke-wanken kwana biyu!"

"Tsohon ruwa ne. Yanzu ku matso ku ga ilimi. Na cire tara, in na tambaye ta, shiru za ta yi."

Ya murɗa makulli, ya juya yana yi wa jama'a bayanin yadda ake yi a Abija. Fitilar ta ƙyafta, jama'a suka ɗauki ƙirga da ƙarfi, Hausawa na ɗaya, biyu, uku, Halimatu da ƴan'uwanta na afo, ihinka, ihinza da yarensu. Aka kai tara. Lawali ya ɗaga hannu zai yi magana. Fitilar ta ci gaba.

"Goma! Sha ɗaya!"

Aka wuce ashirin. Aka wuce arba'in. Telan ya ɓace a hamsin da uku, aka yi gardama, aka ci gaba. Da aka kai saba'in, Lawali ya miƙa hannu a hankali ya kashe makulli.

"Bagobiri, ina ce cewa take a cire ta duka a bar tayoyi."

"Da farko kunya take ji," in ji Lawali. "Yanzu ta saki jiki da ni."

Ya koma kan injin da ƙarfinsa. Tasa ta cika, aka kawo tabarma. Aka kira azahar, aka je aka dawo, yana kwancewa. Alu bai ci abinci ba, sai zagaya motar yake yana duba agogo. Wajen ƙarfe uku ya riƙe hannun surukinsa.

"Yaya Lawali, don girman Allah, na yafe gyaran. Mai da mini kayan yadda suke. Gara in kai ta da fitilarta."

"Ka ga irin halinku ke nan, ba haƙuri. To, tunda ka matsa."

Mayarwar ta fi kwancewar wuya. Lawali ya cusa abin da ya shiga, ya tura abin da bai shiga ba ƙarƙashin tabarma da ƙafa. Wayoyin buji kuwa ya raba su yadda ya ga sun fi kyau a ido, doguwa nan, gajeriya can. Ya ce Alu ya tayar.

Injin ya yi tari sau biyu. Sai kuma, tau! Tau! Wuta ta fita ta bututun hayaƙi.

Mutanen da suka saba kwana da shugaba ɗaya su tashi da wani ba su tsayawa tambaya in sun ji irin wannan ƙara. Wani ya yi ihu, "Juyin mulki!" Lungun ya watse. Masu pus-pus suka tsallake katanga. Telan ya bar takalmi ɗaya. Can bakin kasuwa aka ji ana jan ƙofofin kantuna. Da ƙura ta lafa, Alu kaɗai ne zaune a mota riƙe da sitiyari, ido rufe. Likitan motoci kuwa aka neme shi aka rasa, sai da Halimatu ta ɗaga zanen teburinta.

"Fito, jarumin Gobir. An gama yaƙin, mun ci."

"Duba ƙarƙashin motar nake daga nan," in ji Lawali. Ganyen zogale na manne a tabaransa.

Ƙarar ce ta tayar da Madam Marta, maƙwabciyarsu, ƴar Dogonduci, mai aikin jinya a likita, wato asibiti, wadda ta kwanta hutawa bayan ta dawo daga coci. Ta fito tana ɗaura kallabi, ta dubi tabarma, ta dubi Alu, ta saurari labarin daga bakin Balki ba ta katse ta ba.

"Alu, motar nan ba ta zo da littafi ba?"

"Akwai wani a cikin aljihun gaba, Madam. Ban taɓa buɗewa ba."

"Littafi na ƴan koyo ne," in ji Lawali.

"To mu ƴan koyo ne. Miƙo shi."

Rabin littafin da Faransanci yake. Ta sa tabaranta na karatu, ta yi ta buɗawa har ta tsaya a wani shafi. Ta ce a murɗa makulli, kowa ya yi shiru. Jama'a sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗaya, shiru, biyu. Ba haɗa su ake ba, Lawali. Lamba ce, sha biyu. Sau uku take maimaitawa."

"Na sani. Abu sha biyu."

"Sha biyu, in ji littafi, ma'anarta ƙwaƙwalwar na aiki, a saurara, bayani na tafe. Gaisuwa ce kawai."

Halimatu ta zauna a ƙasa don dariya. "Mota ta ce masa ina kwana, ya kwance mata hanji!"

"Ku yi shiru, ga ta nan. Ɗaya. Shiru. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Sha biyar." Madam Marta ta bi layi da yatsa. "Abin da ke auna zafin ruwa ne, ko wayarsa. In ta gama faɗa sai ta koma farko, haka za ta yi ta yi har batir ya mutu. Ga hoton wurin."

Alu ya dubi hoton, ya leƙa injin. Ga wata ƴar waya mai kan roba tana lilo kusa da mazauninta, ramukan hanyar tasha sun girgizo ta. A duk injin, kusan ita kaɗai ce Lawali bai taɓa ba. Alu ya tura ta da babban yatsa, ta ce ƙyas.

"Nan zan zo daga ƙarshe," in ji Lawali. "A Abija daga nesa ake farowa."

Ƙarfe huɗu saura kwata. Madam Marta na karantawa tana nuna hoto, Alu na ɗaurawa, Balki na zaro kayan da aka ɓoye ƙarƙashin tabarma tana harara. Lawali ya ce a ba shi turnabis ya taimaka. Mutum huɗu suka ce a'a a tare. Da yake sandar kapo ta lanƙwashe, shi aka sa ya tsaya ya tallabe murfin da hannu biyu da ka, rana na dukan ƙarfen, ƙarfen na dukan ƙeyarsa.

"Yanzu ka sami aikin da ya dace da kai," in ji Halimatu. "Tsaya daidai, sanda ba ta motsi."

Balki ta ɗauko ruwan girkinta na yamma ta juye a radiyata. Aka cire kan batir na ɗan lokaci, yadda littafin ya ce, don motar ta manta abin da ya same ta. Alu ya yi bisimilla ya murɗa. Injin ya tashi sumul. Fitilar ta kama, ta mutu, ba ta sake dawowa ba. Mata suka rangaɗa guɗa.

Saura matsala ɗaya. Kapon ya ƙi kullewa, don maƙallinsa ya karkace lokacin da ya faɗo wa Lawali. Aka ɗaure shi da igiyar shanya, aka zuro bakin igiyar ta taga, Lawali ya zauna gaba yana riƙe da ita. Haka suka ratsa gari, Alu na tuƙi yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Biyar saura minti uku suka iso ƙofar projen. Alu ya sauka da sauri ya kwance igiyar ya cusa a aljihu, ya danna kapon da gwiwar hannu har ya zauna. Amma sarjan, sojan da ke gadi, ya riga ya fito da takardarsa. A cikin filin akwai manyan kamyo biyu, motocin ɗaukar kaya, ɗauke da buhunan jar dawa ta agaji, da direbobi da ƴan dako kusan ashirin zaune a inuwa.

"Direba, daga ina? Ina takardar fita?"

Alu ya hau laluben aljihunsa. Lawali kuwa ya ga mutum ashirin da ba su san shi ba, suna kallo. Ya fito ya gyara tabarau.

"Sarjan, wurina ya kawo ta. Fitilar inji ce ta kama. Lamba sha biyar, wayar zafin ruwa. Ni ne Lawali, likitan motoci masu ƙwaƙwalwa, shekara shida a Abija. Duba da kanka, ta mutu."

Sarjan ya leƙa, ya ga ba fitila. Ya dubi Alu. "Ranar hutunka ka kai motar gwamnati gyara? Da duk direbobi haka suke, da ƙasar nan ta ci gaba. Shiga da ita. Gobe ka nemi takarda tukuna." Ya yi alama a takardarsa.

Alu ya ajiye motar a layi, ya miƙa makulli, ya yi godiya, ya nufi ƙofa da sauri kamar ƙasa na ƙona masa ƙafa. Lawali zai bi shi, sarjan ya dafa masa kafaɗa.

"Likita, Allah ne ya kawo ka. Ka ga kamyon can na hagu? Tun jiya ya ƙi tashi. Dawar nan mutane ke jira a arewa, kuma kaftin ya ce da asuba ta kama hanya. In ka taɓa shi ya ƙara lalacewa, ni da kai za mu yi wa kaftin bayani. Bismilla."

Lawali ya dubi kamyon. Tsoho ne, injinsa ya kai girman ɗaki. Ya dubi bindigar sarjan. Ya waiwaya, ya ga Alu a wajen ƙofa ya ɗaga hannu biyu yana roƙonsa da ido.

"Wannan... yana da fitila mai ƙyaftawa?"

"Ko ta gaba ma ɗaya gare shi."

"To ai, sarjan, ni ɓangarena..." Ya cire tabarau. "Sarjan, in faɗa maka gaskiya. A garajin Abija, ni ke buɗe ƙofa in rufe. Wani lokaci in share fili."

"Motar can fa, wa ya gyara?"

"Wata mai jinya ce. Da littafi. Ni na riƙe murfi."

Ƴan dako suka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga kan buhu. Sarjan ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

"To, mai riƙe murfi, tunda kana da ƙarfin ka, ga aiki. Za a juye buhunan nan zuwa sito kafin a kawo wani kamyo. Shiga layi."

Buhu na farko ya kusa durƙusar da shi. A na goma ya daina jin wuyansa. Da ya kai na sha biyar ya sauke, ya tsaya yana haki, ya ƙare wa tulin buhunan kallo, ya girgiza kai.

"Kai, jama'a," in ji shi, "wa ya koya muku jeri? Ai ba haka ake jera buhu ba."

Sarjan na tsaye a bakin sito. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ku huta, samari," ya ce wa ƴan dako. "Sauke su duka, likita. Nuna mana."